Malam Barau da Takardar Maganin Shanu

Duk wanda ya san Malam Barau a tsaye ya san shi. Uwarsa mai wabi ce, 'ya'yanta ba sa zama, shi ya sa da ta haife shi a Kangire aka laƙaba masa Barau, ko Allah zai sa a bar mata shi. Aka kuwa bar shi. Sai dai yaron ya taso kamar wanda ya ci ƙafar kare. A makarantar allo ya sha dorina saboda mutsu-mutsu, a elementare ya sha, har a kwalejin horon malamai an ce in ana darasi ƙafarsa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Shekarar da aka sami mulkin kai aka ba shi aji a Birnin Kudu, aka kawo masa kujera sabuwa fil, ya ɗora mata hularsa ya ci gaba da kai-komo. Daga nan aka tura shi Wurno, aka dawo da shi, aka sake turawa. Babu hedimastan da ya taɓa cewa ba ya aiki. Ƙorafinsu ɗaya ne, ba ya barin kowa ya huta. Matarsa Kubra kuwa cewa take ko tuwo a tsaye yake cin sa, da zafinsa, yana hura yatsu.

Lokacin da arzikin mai ya shigo, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, sai aka tura shi Kwandiko, can ƙasar Gwaram. Yara suka yi ambaliya. Aji ya cika har taga, saura suka zauna a gindin darbejiya, malamai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Hedimasta Malam Sabo, mutum mai sanyin hali, ya raba musu darussa. Ya ba Malam Hambali karatu, Malam Hadi addini, Malama Talatu kiwon lafiya da ɗinki, Barau kuma ya sami lissafi da aikin gona. Kowa ya rungume nasa, ba mai leƙa gonar wani.

Yadda ake koyarwa kuwa, malami ya rubuta a allo, ya karanta da ƙarfi, yara su amsa baki ɗaya. Ko jarrabawa ce sai malami ya karanta musu tambaya tukuna. A ajin Hambali abin ya fi armashi. Ya ja layi, su ɗauka da waƙa, ya sake ja, su sake ɗauka, har littafi ya zauna musu a ka tun daga bango zuwa bango. Daga bakin rijiya ana jin su. Iyaye in sun wuce za su gona sai su gyaɗa kai su ce karatu ya kankama. Kada kuma a ɗora wa Hambali laifi shi kaɗai, don haka aka koya masa, kuma da wannan taron yara wa zai bi su ɗaya-ɗaya? Shi kansa Barau ta bango yake jiyo su, yana jin daɗi.

A bayan gari akwai rugar wani Bafulatani mai suna Maikano, wanda Hausa ta riga ta cinye masa baki. Yana ɗan noma da damina, amma ransa na kan shanu. Wata shekara ya sayo maganin ciwon hanta a kasuwar Gwaram, da takarda naɗe a jikin kwalbar. A daji babu mai karanta masa, sai ya ɗura wa maruƙa daidai da abin da ya ɗura wa manya. Kafin la'asar maruƙa biyu suka faɗi, ba su tashi ba. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Saboda haka da dagaci ya zo rubuta yara, wasu na ɓoye nasu a rumbu, shi da hannunsa ya kamo 'yarsa Azumi ya kawo ta. Ya ce maza suna bayan shanu, ba zai iya sakin su ba, ita ma ba don ta zama malamar asibiti ya kawo ta ba. Abu ɗaya yake so, ta iya karanta masa takardar magani.

Da yake shanu kudu suke yi da rani, sai aka rasa inda za a bar yarinyar. Barau, da ba a tambaye shi ba, ya ce ga gidansa. Su kuwa Allah bai ba su haihuwa ba. Kubra ta karɓi Azumi hannu bibbiyu, ta yi mata kitso, ta ɗinka mata 'yar jakar littafi, har ta koma in za ta auna tsaba sai ta auna ta mutum uku ba tare da ta yi tunani ba. A makaranta Azumi na ce wa Barau Malam, a gida ta ce Baba. In ta ce Baban nan sai ka ga ya rasa inda zai sa kansa, ya fita tsakar gida ya dawo ba abin da ya ɗauko. Yarinya ce mai kaifin kai, abin da ta ji sau biyu ya zauna. Har ta kai aji huɗu ita ke zuwa ta ɗaya a karatu, Hambali na tsayar da ita gaban aji ta ja wa saura baƙi.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, shanu suka dawo. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Maikano ya yi sallama a zauren Barau, da kwalba a aljihu da takardar da malamin dabbobi ya haɗa masa da ita, da Hausa aka buga ta. Bayan gaisuwa ya sa aka kira Azumi. Ya miƙa mata takardar yana murmushi, irin na mai shuka ya zo ganin tsiro. Barau na tsaye a bakin ƙofa, ƙirji a buɗe, yana jiran a yaba.

Azumi ta karɓa, ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta juya bayan takardar ta ga ko akwai hoto. Can sai ta gyara tsayuwa, ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta ɗaga murya da waƙar nan ta aji, ta fara cewa Hapsatu ta tafi rijiya, ta ɗauki tulu da guga. Shafin farko na littafinsu ke nan. Yatsa na tafiya a kan maganin shanu, baki na can rijiya da Hapsatu.

Maikano bai yi boko ba, amma ba wawa ba ne. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya dubi Barau ya tambaye shi ko haka aka rubuta a nan. Barau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fizge takardar ya karanta masa da kansa, da sauri, yana tuntuɓe. Maikano ya bar shi ya gama, ya karɓi abarsa ya ninke.

"Na gode, Malam. Amma ai ba kai zan ɗauka in tafi da kai daji ba."

Ya ce shekarun da ta yi sun isa. In an yi kaka shanu suka gama cin kara, zai tafi da 'yarsa ta taya uwarta sayar da nono. Barau ya sha gabansa har waje yana roƙo, ya ce a ba shi daminar nan kawai. Ya tambaye shi, in ta karanta fa? Maikano ya rataya sandarsa a kafaɗa ya ce in ta karanta, sai a ga abin da Allah ya yi. Barau ya ɗauki wannan a matsayin alkawari, don abin da yake so ya ji ke nan.

Ranar Litinin ya shiga aji huɗu. Ya rubuta a allo cewa duk wanda ya gane wannan ya tashi ya taɓa ƙofa. Ya koma gefe ya harɗe hannu. Yara suka zuba masa ido suna jiran ya ja su amsa. Can sai wasu 'yan tsiraru suka miƙe, su ma suna waige-waige. Saura na zaune, har da Azumi, kanta a sunkuye. Ya shiga aji biyar ya gwada, nan ma duk kanwar ja ce. Wayyo, ashe duk ƙarar nan da ake ji daga rijiya karatun aku ne. Abin da ya fi ƙona masa rai, shi ma da hannunsa a ciki. Shekara da shekaru yana karanta musu tambayar lissafi, suna ba shi amsa daidai, bai taɓa barin allo ya yi musu magana da kansa ba.

Da aka tashi hutun tara ya faɗa ofishin hedimasta, ya tarar da malamai na shan fura. Barau dai bai iya lallami ba. Ya zazzage musu komai, ya ce daga yau kowane darasi na karatu ne, ko na gona, ko na addini, ko na wanke hannu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hambali ya ajiye ludayi, fuska ta yi murtuk. Ya ce wannan shiga sharo ba shanu ne, kowa ya tsaya a kan abin da aka ba shi, shi ya taɓa zuwa ya koya wa Barau shuka gyaɗa? Malama Talatu ta ce ita da ƙyar lokacinta ke isar ta. Malam Sabo ya yi ta a yi haƙuri, a yi haƙuri, ya ce gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, amma a bari a ga abin da ofis zai ce. Ofis kuwa na Birnin Kudu, kaka ba za ta jira shi ba. Barau ya fice bai ko taɓa furar ba.

Da gonar makaranta ya fara, tunda ita ce tasa. Ya sassaƙa 'yan allunan katako, ya rubuta sunan kowace shuka, ya kafa a bakin kunya. Kwana biyu yara suka haddace inda kowane allo yake, suka riƙa rera masa gero, dawa, wake, a jere. Ya ce au, haka ne? Sai ya koma zuwa tun da sassafe yana tumɓuke allunan yana tarawa a kwando, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya ya kai shi kan shukarsa. Yaro ya je ya kafa kuɓewa a kan masara, 'yan'uwansa su yi ta dariya, a dawo a duba harafin farko, a sake. Aikin ranar ma bai ƙara faɗa da baki ba, a allo yake rubutawa, wanda ya karanta ya san ko fartanya zai ɗauka ko bokiti. Lissafi kuwa ya koma labari. Maimakon lambobi tsirara, sai ya rubuta cewa wata mata ta kai kaji kasuwa shaho ya ɗauke wasu, kuma ya rantse ba zai buɗe baki ba sai wani ya gano abin da ya sami kajin. Da an dawo daga gona kowa ya rubuta layi ɗaya na abin da idonsa ya gani, komai muninsa.

Malam Hadi ne ya fara biyo shi. Ya ce dama shi abin na damun sa, don a makarantar allo duk hayaniyar da ake yi, kowane ɗalibi sai ya zo gaban malam ya biya nasa shi kaɗai kafin a ɗora masa. Sai ya fara rubuta farillan alwala a hargitse, yana kiran yara ɗaya-ɗaya su daidaita. Malama Talatu ta ga 'yan mata sun fara sa ido a kan duk abin da ke da rubutu, ta kawo kwalayen sabulu da gwangwanayen madara aji. Hambali ya daɗe yana cika yana batsewa. Barau kuma bai taimaka ba, kullum yana giftawa ta tagarsa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Sai wata rana aka ji ajin Hambali tsit. Aka leƙa, ashe ya rufe littafin, ya rubuta sabon labari a allo, yana nuna kalma daga tsakiya da tsinken kara. Iyaye dai suka fara gunaguni wai makaranta ta mutu, ba a jin karatu daga rijiya.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce Azumi. Jiya ita ce ta ɗaya, yau ƙananan da take ja wa baƙi sun riga ta kai allo kan shukarsa. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce ita kanta ne ya toshe. Barau na dawowa gida ya tsare ta da alli tun kafin ta ajiye jaka, har Kubra ta ce masa, "Malam, yarinya ce fa, ba ingarma ba." Ya fita, ya zaga gida, ya dawo. Da ya ga littafi tsoro yake ba ta, sai ya ce ta faɗa masa shanun babanta. Nan bakinta ya buɗe. Akwai mai farin goshi, akwai guntun ƙaho, akwai wata ja mai harbi da ba ta yarda da kowa sai uwarta. Duk abin da ta faɗa ya rubuta a jikin bangon tsakar gida da gawayi, ya ce ta nemo masa mai harbin a ciki. Ta yi ta lalube. Ranar da ta gano cewa farkon goshi da farkon guntu da farkon gero duk abu ɗaya ne, ta yi tsaye tana kallon bangon, sannan ta ruga madafa ta jawo Kubra ta nuna mata. Daga ranar kuwa sai da aka riƙa ɓoye gawayi a gidan.

Gero ya nuna, aka yanke, dawa ta bi baya. Shanu suka shiga gonaki suna cin kara. Barau ya rame, idonsa kullum na hanyar ruga. Ran nan da hantsi sai ga Maikano a zaure, da wata kwalba dabam, da wata takarda da ba wanda ya taɓa gani a gidan. Aka kira Azumi. Kubra ta laɓe a bayan asabari.

Babu waƙa wannan karon. Ta ɗora yatsa, ta tsaya, ta haɗa harafi da harafi, ta yi kuskure ta koma baya. Barau ya cije leɓe, ya maida hannuwansa baya ya riƙe, don kada ya tsoma baki. A hankali maganar ta fito. Maganin kaska ne. A zuba murfi ɗaya a cikin bokitin ruwa. A wanke jikin saniya da shi. Kada a ba ta ta sha, guba ne. Kada a bar maraƙi ya kama nono sai jikin uwar ya bushe.

Maikano ya ce ta maimaita wurin shan. Ta maimaita. Ya jujjuya kwalbar a hannunsa, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi kam ɗura musu ya yi niyyar yi. Ya share ido da bakin rawani, ya yi ta sa wa Barau albarka, shi da iyayensa da malaman da suka koya masa. Barau ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe alli. Har ya fara lissafa masa abin da ke gaba, aji biyar, aji shida, jarrabawar shiga sakandare. Maikano ya bari ya gama, ya juya wurin 'yarsa ya ce ta je ta haɗa kayanta, jibi za a tashi.

Barau ya ce ai ta karanta. Maikano ya ce shi ya sa.

"Malam, takardar nan a daji ake buɗe ta, ba a makaranta ba. In na bar ta a nan, wa zai ce mini kada in ɗura?"

Barau ya kawo hujja, ya kawo wata, ya ce zai riƙa bin su da keke yana karanta musu, maganar da shi kansa ya san ba ta da kai. Ya je wurin dagaci, dagaci ya ce ɗa na ubansa ne. Ya je wurin Malam Sabo, ya ce a yi haƙuri. Sai a hanyar dawowa ya fahimci abin da ya ƙi fahimta tun ruwan farko. Ko ta karanta ko ba ta karanta ba, tafiya za ta yi. Duk kokawar da aka yi damina guda, a kan guzurin da za ta tafi da shi aka yi ta. Azumi kanta zuciyarta biyu, tana kewar uwarta, tana kuma kuka a cinyar Kubra. Kubra ta tsefe mata kai ta yi mata sabon kitso ƙanana, wanda zai daɗe bai tsufa ba, ta cusa mata guntayen alli a cikin jakar littafin.

Ranar tashi Barau ya ce shi ba zai yi rakiya ba, yana da aji. Bai kai ga gama rubuta kwanan wata a allo ba ya ajiye alli ya hau keke. Ya cim musu a inda burtalin shanu ya haɗu da babbar hanya, shanu sun tsaya ana jiran wata motar kaya ta wuce. Bai ƙarasa ba, ya tsaya daga nesa a bayan wata tsamiya. Azumi na gefen babanta, ƙwarya a ka, jakar littafi a wuya. Motar ta wuce a hankali tana nishi, sai ya ga yarinyar ta ɗaga hannu tana bin rubutun da ke bayan motar da yatsa. Iska ta kawo masa muryarta, a rarrabe, ba waƙa.

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya ji Maikano ya yi dariya ya ce amin. Shi ma Barau ya ce amin daga bayan tsamiya, ba wanda ya ji shi. Shanu suka tsallaka, mai farin goshi, guntun ƙaho, ja mai harbi, duk ya gane su. Ya tsaya har ƙahon ƙarshe ya shige cikin sabara.

Ya ƙara shekaru yana koyarwa, kuma duk makarantar da aka kai shi sai ya tayar wa malamai da hankali a kan maganar nan, har ya yi ritaya a Birnin Kudu. Amma ranar da ya dawo daga babbar hanya bai koma aji ba. Ya jingine keke, ya shiga tsakar gida, ya sami tabarma a gaban bangon nan mai rubutun gawayi ya zauna. Kubra ta kawo tuwo, ta ga ashe na mutum uku ta tuƙa. Ta ce tun da ta aure shi, ranar ce kaɗai tuwonsa ya huce yana zaune a gabansa.